Yadda Muka Yanka wa Haladu Harajin Kuɗin Caca

Kun ce aikin haraji yagar rasit ne a bakin kasuwa. Wannan karɓa ce, kuma karɓa ko dogari ya iya ta. Aikin da na yi tun ina saurayi a ƙasar Ikara, har aka mayar da ni Maƙarfi, shi ne yanka, wato a dubi mutum a ce ga abin da ya samu a shekara, ga kuma abin da zai biya. Mutumin nan ba shi da albashi, ba shi da banki, bai taɓa rubuta abin da ya sayar ba, kuma ba zai gaya maka gaskiya ba ko da uwarku ɗaya. In ka yanka masa da yawa, ya sayar da akuyar matarsa, ko ya kwashi iyalinsa ya bar garin. In ka yanka kaɗan, maƙwabcinsa ne zai ɗauki ragowar, domin abin da En'e, hukumar gargajiya, ta ɗora wa gari ba ya raguwa don wani ya yi wayo.

Kayan aikin ba su da yawa. Keke da famfonsa, da gam da yankin tsohon tiyub na faci, domin ƙaya ba ta san malamin En'e ba. Jakar fata mai murfi. Kwalbar tawada, a toshe bakinta da tsumma, a zaunar da ita cikin gwangwanin madara don kada ta kife. Alƙalamin ƙarfe biyu. Akwai wani fensir mai shuɗin rubutu wanda sai an lasa yake kamawa, shi ya sa da damina ana gane malamin haraji da leɓensa. Kabon na kwafin rubutu in ya fara mutuwa sai mu shanya shi a rana ya ɗan farfaɗo. Sai laima, ita kuwa don takarda ake riƙe ta, kai in ka jiƙe ka bushe. Akwatin ƙarfe da kwaɗo na masu karɓa ne, sai da kaka muke ganinsa.

Aikin farko da na bi maigidana Malam Tanimu a Furana ne. Malam Tanimu tsohon malamin haraji ne, tun zamanin Turawa yake yi, ba ya son surutu. Muka zauna a zauren wani magidanci, ya fito mana da riga duk ta yage, yana tari, ya ce bana ko kaza ba shi da ita. Malam Tanimu ya jajanta masa sosai, suka yi ta gaisuwa kamar ba abin da ya kawo mu, sannan ya nemi buta ya zaga. Da ya dawo sai ya ce in rubuta awaki bakwai da jaki. A hanya ya gaya mini an kora dabbobin daji tun da aka ji zuwanmu, amma ba a tuge turaku ba, kashin da ke gindinsu kuma ɗanye ne. Rumbu biyu an yi musu sabuwar jinka, kuma ba wanda ke wahalar rufe rumbun da ba komai a ciki.

Kashegari muka shiga gidan wani da ya tarye mu cikin babbar riga mai aiki, da hula sabuwa. Na riga na lasa fensir zan kai shi sama, sai Malam Tanimu ya taka mini ƙafa. Hannun rigar ya fi ƙarfin mai ita, yana ta naɗewa. Aro ya yi, don kada a raina shi gaban baƙi. Rumbunsa a buɗe yake, gizo-gizo ya yi saƙa a bakinsa. A ranar ne Malam Tanimu ya ba ni ƙa'idar da na yi aiki da ita har na ajiye: ka dubi abin da ke gidan bana, ka cire abin da ke gidan bara, ka ƙara abin da aka ci da abin da aka kyautar, abin da ya fito shi ne samun mutum. Bakinsa kuwa ka saurara masa don ladabi.

Mutanen da za ka yanka wa iri-iri ne. Akwai mai kuka, akwai mai rantsuwa tun ba a tambaye shi ba, akwai mai kai ka gidan maƙwabci ya nuna maka abin da aka ɓoye. Akwai wanda za ka tarar ya ɗaure maka zakara a bayan keke. Goro ana karɓa, domin ƙin goro cin fuska ne. Zakara kuwa ka kwance shi a gaban mai unguwa, in ba haka ba kafin ka kai gari na gaba labarinsa ya riga ka.

Bayan samun mulkin kai ba da daɗewa ba aka ƙarfafa abin da muke kira kuɗin masu arziki. Talakawa suna nan kan harajin gari, fam biyu da 'yan suloli. Wanda samunsa ya haura wani adadi kuwa sai a cire shi daga cikin jama'a, a yanka masa nasa shi kaɗai, gwargwadon samunsa. Kwamiti ke zama a kai, da wakilin hakimi, da dagacin garin, da attajiri ɗaya, sai ni mai alƙalami. In mun gama mu aika Zariya, wani jami'i ya duba ya sa hannu. A lokacin an riga an ba ni jakata, Malam Tanimu ya koma gona.

Aikin da ya fi ba ni wuya cikin wannan tsari a wani ƙauye ne na ƙasar Gubuci, garin masu rake. Suna da fadama mai kyau, kusan kowane babban gida yana da injin matsar rake. Injin ƙarfe ne a kafe a ƙasa, da dogon itace a kansa, a ɗaura wa doki yana zagayawa, ana cusa rake ruwan yana zuba. A dafa shi a babban kasko da wutar tukar raken da aka matse har ya yi kauri, a zuba a ƙananan kwanoni ya daskare, ya zama mazarƙwaila. Babbansu shi ne Malam Bawa, dattijo mai farin gemu, na'ibin limamin garin. Shi ya riƙe Haladu, ɗan ƙanensa, tun uban ya rasu, ya yi masa aure, ya yanka masa fili a jikin gidansa. Haladu ya yi elementare, yana jin Turanci kaɗan, saboda haka shi masu injin suke ɗora wa kaya a mota ya kai kasuwar Kaduna, ya sayar ya ɗauki la'adarsa.

Da na isa ƙidaya a damanar shekarar, tun daga bakin rafi na hango kwano yana walƙiya. Bara ɗakin Haladu na ciyawa ne. Bana an ja shi ɗaki biyu da rufin kwano, rediyo yana magana a zaure, ana jin ƙarar keken ɗinki daga cikin gida, ga sabon keke a jingine, ga agogo a hannunsa. A ƙofar gidan Malam Bawa kuma ga wani jan doki ƙosasshe, wanda aka ce Haladu ne ya saya wa baffansa, har tsohon ya sayar da tsohuwar goɗiyarsa ga wani mutumin Kudan. Na tambayi Haladu hanyar samu, ya ce mazarƙwaila, bana ta yi kuɗi a Kaduna. Dokar aikin ita ce ka rubuta hanyar da mutum ya faɗa, adadi kuwa ka rubuta wanda idonka ya gani. Na rubuta, kwamiti ya sa shi cikin masu arziki, takarda ta tafi Zariya.

Ba ta daɗe ba ta dawo. Jami'in da ke dubawa mutum ne mai lura, ya san aikinsa. Ya ce cikin biyu dole ɗaya. Ko dai mazarƙwaila ba ta kawo wannan kuɗin ba, ko kuwa ta kawo, in ta kawo kuwa, tun da mai la'ada kawai ya sami haka, masu injin da kansu sun fi shi nesa, kuma an daɗe ana yanka musu ƙasa da ƙima. Ya ce in ba a kawo wani bayani ba, a cire duk masu injin ƙauyen daga harajin gari a kai su cikin masu arziki. Maganarsa ba ta da kuskure. Ni ma da ni ne a kujerarsa haka zan ce.

Bayani a tashar Maƙarfi na samo shi, wajen direbobi, domin direba ba ya iya riƙe labarin fasinja. Suka ce in Haladu ya sauke kaya ba ya kwana a kasuwa tare da su. Yakan yi wanka ya sa babbar riga, ya tafi wani babban otal inda wasu Kwarori suke da gidan caca mai lasin, wanda ake kira kasino. Wani ɗan kwangila ne ya fara kai shi, wai hannun baƙo yana da sa'a.

Na sami Haladu a fadama yana ɗaure rake. Na gaya masa abin da Zariya ta ce da abin da na ji, ban ƙara ba ban rage ba. Bai musa ba. Har ma ya kwatanta mini wurin, ya ce wani faifai ne a kwance yana juyawa, da lambobi ja da baƙi, da ɗan ƙwallo fari kamar ƙwan kurciya. Ba a ajiye kuɗi a kan teburin, sai ka canza su da wasu 'yan abubuwa masu launi kamar manyan maɓallai, shi ya sa mutum ba ya jin fam yake zubarwa. Abin da ya dame shi biyu ne. Na farko ko za a kai shi gaban alƙali. Na biyu baffansa, wanda yake jan mutane salla in liman ba ya nan, kuma ya riga ya tsaya a ƙofar masallaci ya sa masa albarka a kan dokin. Ya roƙe ni in bar takardar yadda take, ya ce shi zai biya duk abin da aka yanka masa. Na ce nasa ba shi ne matsalar ba, na sauran ne, kuma ba ni da ikon hana Zariya lissafi. Na ce ni ba zan tona shi ba sai an tambaye ni, amma in an tambaye ni zan faɗa. Ya ce zai yi tunani.

Kafin ranar zaman kwamiti labarin ƙarin ya cika ƙauyen. Masu injin suka taru wajen Malam Bawa, wasu suna cewa Haladu ya daɗe yana sayar da kayansu da tsada yana kawo musu kaɗan, in ba haka ba ina ya sami kwano. Wannan zargin ya fi na caca muni a wurin ɗan kasuwa. Malam Bawa ya tsaya a kan yaronsa. Ya ce shi ya rene shi, bai taɓa kama shi da ƙarya ba, Allah ne ya buɗa masa, in kuma hukuma ta ce a ƙara musu to su yi haƙuri su biya.

An yi zaman a zauren wakilin hakimi, a ƙarshen damina, jami'in ya zo da kansa daga Zariya. Attajirin da ke cikin kwamitin wani Alhaji ne mai fataucin goro. Masu injin suka zauna a ƙasa daga bakin ƙofa, Malam Bawa a gabansu an shimfiɗa masa buzu. Bayan gaishe-gaishe, wakili ya sa na karanta takardar, ya ce in ba mai magana za a rubuta su duka. Wani tsoho daga cikinsu ya ce shi kam sai dai a zo a ɗauki injin, domin bashinsa ma bai gama biya ba. Sai Haladu ya matso ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, kuɗin ba na rake ba ne. Kayan kowa na sayar yadda na faɗa masa. Wannan a gidan caca na samo shi, a Kaduna."

Ba wanda ya yi salati da ƙarfi, ba wanda ya dubi Malam Bawa. Jami'in ya fara da kwantar masa da hankali, ya ce gidan yana da lasin kuma ba a ƙasar alƙalin nan yake ba, mu haraji ya tara mu. Sannan ya bayyana yadda suka fahimci dokar a ofishinsu. In mutum ya shiga sau ɗaya ya ci ya fito, ana kallon abin kamar tsintuwa, baitulmali ba ta da rabo a ciki. In kuwa ya mayar da shi hanya, yana zuwa yana komawa, to ya zama sana'a, ana yanka masa haraji kamar kowace sana'a. Ya faɗi wannan a hankali, yana duban rufin zauren. Kowa ya gane ƙofa ce ya buɗe. Ba Bakwaren da zai taso daga Kaduna ya ba da shaida, ni kuma ba a tambaye ni ba. Haladu ya ɗago kai zai yi magana, sai Malam Bawa ya riga shi.

"Haladu, ni nake tambayarka, ba hukuma ba. Sau nawa?"

"Baffa, ban ƙirga ba. Tun da aka fara matsa har ruwan farko, duk kai kayan da na yi sai na shiga."

"Dokin fa?"

"Har da shi, Baffa."

Malam Bawa ya nemi izinin wakili, ya naɗe buzunsa da kansa ya fita. Aka sallami masu injin, harajinsu yana nan yadda yake. Mu kuwa aikinmu sai a lokacin ya fara.

Yanka wa ɗan caca ya fi yanka wa manomi wuya, domin manomi gonarsa ba ta tashi, kana iya takawa ka kimanta damin da za ta bayar. Shi wannan ba rasit, ba shaida, kuma shi kansa bai san abin da ya ci ba. Yana tuna ranakun da ya ci da yawa, yana tuna wata rana da aka cinye masa fam sittin, tsakaninsu kuwa duhu ne. Ya nemi a cire masa fam sittin ɗin, a kuma cire rabin da ɗan kwangila yake ɗauka duk ranar da ya ba shi jari. Na ce ai an riga an cire. Wanda aka cinye masa bai iso gida ba, rabon ɗan kwangila ma bai iso ba, mu kuwa abin da ya iso gida muke ƙirgawa. In muka sake cirewa mun cire sau biyu. Sai da na kwatanta masa da mai ɗebo ruwa da tulu mai yoyo, na ce ruwan da ke randa ake aunawa, sannan ya yarda.

Abubuwan da ake gani ba su ba mu wahala ba. Kafinta ya faɗi kuɗin kwano da katako da na aikinsa. Doki fam talatin, dillalin yana nan a kasuwa. Rediyo da keke da keken ɗinki da agogo, Alhaji mai goro ya san kuɗinsu a kanti. Wahalar tana wajen kuɗin da ya wuce bai bar sawu ba. Na je wurin mahauci na ji yawan naman da gidan ya riƙa ɗauka da rani. An yi suna a gidan, rago biyu aka yanka. Kyautar da ya yi wa maroƙa kuwa sanƙira ya riga ya shelanta ta a bainar jama'a, sai dai sanƙira ninkawa yake yi don ya zuga na gaba, saboda haka duk abin da aka ce an ji daga bakinsa sai na raba biyu. Daga jimlar muka ware abin da gonarsa da la'adarsa za su iya kawowa a shekara mai kyau. Abin da ya rage, fam ɗari biyu da ɗoriya, shi ne na caca.

Wuri ɗaya aka yi gardama. Haladu ya ce mai injin ana cire masa kuɗin dusar doki da na itace, to shi ma a cire masa kuɗin babbar riga da takalmi da agogo, domin da kayan ƙauye mai gadin otal ba zai bar shi ya shiga ba, kayan aikinsa ke nan. Jami'in ya ce maganar tana da kama. Sai Alhaji mai goro ya ce in haka ne shi ma a cire masa rigunansa goma sha, domin da tsumma ba mai ba shi goro bashi a Kurmi. Aka bar maganar riga. Dagaci kuma ya roƙi kada a rubuta caca a jikin sunan garinsa, jami'in ya ce a rubuta sauran hanyoyin samu. Da aka haɗa da samunsa na halas, harajin ya tsaya fam goma sha bakwai, a biya da kaka. A ranar Haladu yana da abin biya har da saura.

Malam Bawa bai kore shi ba, bai kuma daina amsa gaisuwarsa ba. Abin da ya yi shi ne ya kwance dokin daga ƙofar gidansa ya kai shi bayan gari ƙarƙashin wata tsamiya ya ɗaure. Ya ce dabba ba ta da laifi, ba zai bar ta da yunwa ba, amma ba zai hau shi ba, kuma ba zai ɗaura shi a injinsa ba. Kullum shi da kansa yake kai masa ciyawa da ruwa. Haladu ya ce to a mayar masa da shi, tsohon ya ce ya san inda kuɗinsa za su koma.

Shekarar nan ita ce mafi muni da na gani a aikin. Mun yi ƙidaya gonaki suna kore shar, muka yanka wa mutane a kan abin da muke gani, sai ruwa ya ɗauke dawa tana cikin fitar da kai. Gyaɗa ta yi ƙwanso ba ƙwaya. Takardu sun riga sun tafi, adadin kowane gari ya riga ya zauna. Da kaka aka haɗa mu da masu karɓa saboda aikin ya fi ƙarfinsu. A kasuwar Hunkuyi na ga ana sayar da akuya kuɗin zakara. Akwai ƙauyen da muka shiga muka tarar da mazan sun tafi cin rani tun ba a gama girbi ba, sai mata da tsofaffi, mai unguwa ya zauna yana lissafa mana gidajen da aka toshe ƙofarsu da ƙaya. An rubuta neman sassauci, an kuma sami kaɗan, amma na harajin gari ne. Na masu arziki ba a taɓa shi ba, domin a kan samun bara aka yanka shi.

Haladu kuwa masu injin sun karɓe kai kaya daga hannunsa sun ba wani, duk da ya tabbata bai ci musu ko anini ba. Gonarsa ta ƙone kamar ta kowa. Kuɗin da ya rage masa ya taɓa su ya sayi hatsi, suka kasa fam goma sha bakwai. Sai ya yi lissafin da kowane ɗan caca yake yi, cewa dare ɗaya mai kyau ya isa ya cike. Ya tafi Kaduna da abin da ya rage, ya dawo ba ko sisi. Ya sayar da rediyo ya koma. Agogo ya bi, keke ya bi, keken ɗinkin matarsa ya bi. Ɗan kwangilar ya daina ba shi jari, ya sami wani baƙon. Ranar da na je tunatar da shi wa'adi na tarar an kware kwanon ɗaki ɗaya, katako a tsaye, an sayar wa wani a Kudan. Ya tambaye ni ko yanzu za a cire masa asarar, tun da duk abin da na ƙirga ya koma inda ya fito. Na ce asarar bana ta lissafin bana ce, za ta fito a yankan baɗi. Wanda ake binsa na bara ne. Wanda ya kasa biya kuwa gaban alƙali ake kai shi, wannan karon da hujja.

Ana saura kwanaki kaɗan wa'adi ya cika, ranar kasuwar Maƙarfi, ina zaune a rumfar da muke karɓa, sai ga Malam Bawa. Ya jawo dokin da ƙafa tun daga ƙauye, bai hau ba. Dokin ya fi duk dabbar da ke kasuwar ƙiba, domin wata da watanni yana ci ba ya aiki, amma shekarar ba ta masu saye ba ce. Fam goma sha tara aka ba shi. Muka gaisa, na tambaye shi gida da jama'a da ƙoƙari, ya tambaye ni aiki da iyali, sannan ya kwance bakin rawaninsa ya zube kuɗin duka a kan tabarma, ya ce na Haladu ne. Na ƙirga goma sha bakwai na rubuta rasit, na tura masa fam biyu. Bai taɓa su ba.

"Baba, canjinka."

"Malam, ba nawa ba ne. Dokin na ciyar da shi don Allah, ban ci komai a jikinsa ba, ba kuwa zan fara yau ba."

Na ce to in kai wa Haladu. Ya ce in na ba shi, motar Kaduna tana nan tana lodi. Ya tashi ya tafi.

Kuɗin da ba shi da rasit a hannun malamin haraji wuta ne. Ba ka da inda za ka sa shi, in sufeto ya same shi a jakarka ba bayanin da zai fitar da kai. Na kai wa ma'aji a ranar, na yi masa bayani a gaban shaidu. Sai da aka yi ta rubuce-rubuce kafin a yarda a karɓe shi a matsayin harajin Haladu na baɗi, tun da ba shakka zai dawo cikin talakawa. Suloli kaɗan da za su rage ya cika in lokaci ya yi. Aka ce in kai masa rasit ɗin hannu da hannu, in cike sauran guraben a gabansa.

Na isa ƙauyen da hantsi, lokacin matsa. Fadamar ba ta mutu duka ba, an sami rake ko da bai kai na bara ba. Daga nesa na ji ƙamshin dahuwa. A sauran injina dawakai ne suke zagayawa, duk sun rame. A na Malam Bawa kuwa, goɗiya an sayar tun bara, jan doki ya tafi, kuɗin wani babu. Tsohon yana zaune a gindin injin yana cusa rake. Itacen kuwa Haladu ne ya sa ƙirji yake turawa, shi da wani ɗan ƙodago, ya naɗe tsumma a inda itacen yake cin fata, ƙafafunsu sun riga sun haƙa zobe a ƙasa. An gaya mini ba wanda ya sa shi. Ranar da aka fara matsa ya fito ya kama, tsohon bai ce masa kama ba, bai ce masa bari ba.

Na gaishe da Malam Bawa, ya amsa hannunsa yana kan rake. Haladu bai tsaya ba, domin in itacen ya tsaya tayar da shi aiki ne. Sai na zauna a kan tulin tuka na ɗora rasit a gwiwa, in ya zagayo kusa da ni in yi tambaya, in ya sake zagayowa ya ba ni amsa. Suna, sunan uba, unguwa. Na gaya masa na baɗi an biya, da yadda aka yi aka biya. Ya zagaya sau biyu. Na ce saura gurbin sana'a, me zan rubuta.

"Rubuta doki, Malam," in ji shi da ya iso. Ya wuce, ya sake zagayowa. "Doki ba a yanka masa haraji."

Malam Bawa bai ɗago ba, amma na ga gemunsa ya motsa. Ya zaɓi wani rake mai kauri zai cusa, ya dube shi, ya ajiye shi gefe, ya ɗauki siriri wanda ba zai yi wa mai turawa nauyi ba.

Na lasa fensir na rubuta manomi.